Dommo da Kiwon Autarta

A Gungu-Kwara, idan mai jego ta koma ɗakin mijinta kumatu cike, wuya ya yi gammo uku, ba a tambayar wa ya yi kiwonta. Dommo ce. Shekara talatin tana wannan aiki. Har daga tsallaken kogi akan kawo mata mai jego kamar sillen kara, bayan arba'in ta mayar da ita sai ta karkace kafin ta shiga ƙofa. A bikin hangandi, ranar da masu jego ke fitowa fili a ga wadda ta fi cika zane, sau bakwai kiwon Dommo ne ya yi na ɗaya. Ita dai ba mai alfahari ba ce. Sau biyu kawai take faɗin wannan a rana.

To, sai Allah ya jarrabe ta da autarta. Mintu tun tana yarinya haka take, doguwa siririya, ta ci tuwo malmala uku ta tashi kamar mai azumi. Da ta yi haihuwar fari, ɗa namiji da aka sa wa suna Nyandu, aka kawo ta gida wanka, Dommo ta ci ɗamara. Da sassafe kunun dusa da man shanu, da hantsi fura da kindirmo, da azahar dambu da zogale ya sha mai, da la'asar kifi, kafin magariba a sake komawa kan fura.

"Inna, wallahi ya kawo nan," in ji Mintu, tana nuna maƙogwaronta.

"Tsakanin nan da haɓa akwai sauran wuri. Shanye."

"Fashewa zan yi."

"Shekara talatin ban ga wadda ta fashe ba. In kin fashe ni zan ɗinke ki. Shanye, 'yar nan."

Mintu ta shanye, don yarinya ce mai son uwarta. Amma kwana ashirin suka wuce, abincin nan kamar a rijiya ake zuba shi. Mata masu zuwa barka sukan latsa dantsenta, su dubi juna, wata ta ce, "Dommo, ko hannun ya fara tsufa ne?" Surukar Mintu kuwa, Buli, saƙo ta aiko da mai tallan kifi, wai a gaya wa Dommo sun sa magini ya faɗaɗa ƙofar ɗaki, suna jira.

Dommo ta yi dariya a gaban mutane, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ba sunanta kaɗai take tsoro ba. A wajenmu, 'yar da ta koma ɗaki a rame daga wanka, cewa ake gidan uwarta yunwa ake yi, ko kuwa uwar ba ta damu da ita ba. Dommo ta ciyar da 'ya'yan wasu har sun yi sheƙi, yanzu a ce tata ce ta fita da ƙasusuwan wuya a waje? Wannan ne ya hana ta sakewa.

Ranar kasuwar Say ta tsaya wajen wani mai tallan magani a kan keke, ta yi kamar maganin ciwon kai take nema. Mutumin ya san irin wannan tsayuwar. Ya zaro wasu 'yan ƙwayoyi farare ƙanana, ya ce matan Yamai duk su suke sha, biyu da safe, mako biyu kuma sai an sake wa mace ɗinkin riga. Dommo ta ƙulle su a bakin zane. Washegari ta murƙushe biyu da bayan cokali, ta zuba a fura, ta ƙara sukari, ba ta gaya wa kowa ba.

Mai keken bai yi ƙarya ba, abin haushin ke nan. Mintu ta fara ci kamar gara, ita ke tambayar ko akwai saura. Fuska ta cika ta yi zagaye, ƙeya ta yi tozo, ciki ya turo zane. Masu latsa dantse suka koma yin guɗa. Da arba'in ta cika Dommo ta aika wa Buli cewa haihuwar fari ce, a ƙara mata wata guda da 'yan kwanaki, don tana so yarinyar ta kai bikin hangandi a hannunta.

Sai dai Dommo ta san ƙiba kamar yadda masunci ya san ruwa, kuma ta ga wannan ba irin tata ba ce. Ƙibar kunun dusa ko'ina take sauka, ta fi son mazaunai da cinya. Wannan kuwa sama ta tattaru, ta bar ƙafafu kamar na zalɓe. Wasu zane-zane masu duhu suka fito a gefen cikin Mintu. Ƙurji ya fito mata a cinya ya ƙi warkewa. Ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa, ga saurin fushi, ita da ba a taɓa jin muryarta daga bayan danga ba. Dommo tana gani, tana cewa a ranta bari dai biki ya wuce.

Mijin Mintu, Kimba, mai fito ne, shi ke haye da mutane da tumakinsu a kwalekwale, da 'yar rediyonsa rataye a wuya. Duk Juma'a yakan zo ganin matarsa da ɗansa, ya zauna a zaure kai a sunkuye. Tun da ya auri Mintu bai taɓa haɗa ido da Dommo ba, ita ma in ta ji muryarsa sai ta ja mayafi ta shige rumfa, kamar yadda ya kamata tsakanin suruki da suruka.

Wata safiya wani masunci ya ba shi ƙaton kifi, ya ce bari ya kai tun bai yi laushi ba. Ya yi zaton Dommo ta tafi lambu, sai ya biyo ta ƙofar baya. Ya same ta durƙushe da cokali, farin gari a kan faifai, kwanon fura a gefe, takardar ƙwayoyi a cinyarta. Mintu tana banɗaki tana wanka. Nyandu na kwance a tabarma yana wasa da ƙafarsa.

Can Kimba ya ajiye kifin, ya ɗauki jaririn, ya juya wa surukarsa baya, ya ce wa yaron, "Nyandu, ɗan baba, tambayar mini kakarka, wane irin yaji ne wannan fari fat?"

Dommo ta ja mayafi ta fuskanci danga. "Angona, gaya wa ubanka maganin sanyi ne."

"Gaya mata ina jin rediyo. An yi maganar ƙwayoyin nan, an ce suna kashe mata." Ya gyara riƙon yaron. "Gaya mata ran Juma'a uwarka ta kasa tashi daga kan turmi sai da ta dafa ni. Gaya mata ni da idona buɗe na zaɓi sandata. Ban ce a mayar mini da ita tulu ba."

"Angona, tambaye shi, ya ji abin da uwarsa ta aiko?"

"Gaya mata Buli uwata ce, na san bakinta. Ko ƙofar ba a taɓa ba."

Nyandu ya yi atishawa. Dommo ta share ido da gefen mayafi, ta matso da baya da baya, ta ɗora ƙunshin ƙwayoyin a kan cikin jaririn. Kimba ya ɗauka. Da ya kai tsakiyar kogi ya wurga su, ya ji kamar ya sauke buhun shinkafa daga kansa. Dommo ma ta ji sanyi a ranta, ta zubar wa kaji furar, ta dama sabuwa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ta rage takarda ɗaya a ƙullin zanenta. Ba ta yi niyyar amfani da ita ba. Hali ne kawai, Dommo ko tsinken tsire ba ta iya yarwa.

Rana ta farko lafiya lau. Ta biyu Mintu ta ce gaɓoɓinta na ciwo, ta ture kwano, ta yini kwance. Dommo ta ce jiki ne ke fitar da dafin. Rana ta uku da hantsi Mintu ta fara amai, ko ruwa ba ya zama. Ta yunƙura za ta fita, ta kai bakin ƙofa, sai ta zube. Dommo ta tallabo ta, ta ji jikin sanyi ƙalau da gumi, ido ya juye. Ta kira sunanta sau uku babu amsa. Maƙwabta suka cika gida, wata ta ce mutanen ruwa ne, a kawo turare. Dommo ta ce a kawo amalanke.

Labari ya iske Kimba a bakin gaɓa, ya bar kwalekwale da fasinja a ciki, ya cim ma amalanken a guje. Shi ya sunkuci Mintu ya shiga da ita ɗakin shan magani.

Majo Sumana ne babban malamin asibitin. Ɗan kawun Dommo ne, taubashinta, shekara hamsin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Da ta shigo ta jira ya ce mata ga uwar mayu ta iso, bai ce ba. Wannan ya fi komai tsorata ta. Ya ɗaura abin awo a dantsen Mintu, ya matsa, ya sake matsawa, ya dubi fuskar, ya taɓa tozon ƙeya, ya ɗaga riga ya ga zanen ciki.

"Dommo, me kika ba ta?"

Ga surukinta tsaye, ga matan gari a taga. Dommo ba ta ko ja mayafi ba. "Ƙwayar ƙiba. Biyu kullum. Kusan wata biyu."

"Wacce? Suna da yawa, kuma ba ni da lokacin canka."

Ta kwance ƙullin zane, ta miƙa masa takardar da ta ɓoye. Kimba ya bi takardar da kallo. Majo ya karanta, ya ce, "Yaushe ta sha ta ƙarshe?"

"Yau kwana uku," in ji Kimba. "Ni na zubar da su a kogi, gaba ɗaya."

"Madalla. Ita ta haƙa ramin, kai ka tura. Ku fita dukanku."

Suka fita. Majo ya yi wa Mintu allura, ya ɗaura mata ƙarin ruwa, leda na ƙarewa yana sa wata. Dommo ta zauna ƙarƙashin dogon yaro da Nyandu a cinya, Kimba a can ɗaya gefen gindin itacen, kowa na kallon ƙasa. Sai bayan azahar aka ji Mintu tana tambayar ina ɗanta. Dommo ta kifa kai a kan jaririn ta yi kuka mai sauti, ba ta damu da wa ke ji ba.

Majo ya fito yana goge hannu, ya ja benci ya zauna a tsakaninsu.

"To, uwar mayu," ya ce, sai a lokacin numfashin Dommo ya daidaita. "Buɗe kunnen nan naki na jaki. Kai ma matuƙi, matso. A cikin jikin mutum akwai wasu 'yan tsokoki, aikinsu kawai su ɗiga sinadari a jini, jini ya kai saƙo inda aka aike shi. Na wuya shi ke cewa jiki ya yi sauri ko ya lafa, in ya kumbura shi ne maƙoƙo. Na bayan tumbi shi ke tsare sukari. Saƙon da ya kawo wa Mintu ruwan nono daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ya taso. To akwai wasu biyu zaune a kan ƙoda, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba. Kullum da asuba su ke zuba abin da ke riƙe jini kada ya faɗi, ya ba mutum ƙarfin miƙewa, ya tsaya masa ranar zazzaɓi ko firgita. Ƙwayar nan irin wannan abin ce, amma ninkin ba ninki. Mu ma muna ba da ita, ga mai asma, ga mai kumburi, da awo da adadin kwana."

"Amma ai ta yi ƙiba," in ji Dommo, da 'yar ƙaramar murya.

"Kallon kitse kika yi wa rogo. Naman cinyarta ƙwayar ta cinye, ta tara mata mai da ruwa a fuska da ciki, ta tayar mata da sukari, ta kwantar da masu gadin jiki, shi ya sa ƙurji ya ƙi warkewa."

Kimba ya ce, "To ni da na raba ta da guba, ina laifina?"

"Ka ce maƙwabciya ta riƙa aiko muku da tuwo safe da yamma har wata biyu. Wa zai hura wuta a gidanku? Murhu ya mutu, itace ya jiƙe. Ran da ta daina ba sanarwa, da me za ku kwana? Haka 'yan biyun nan na kan ƙoda suka ga abu ya cika jini, ƙwaƙwalwa ta aiko musu su huta, suka yi barci. Kai kuma ka zo rana ɗaya ka yanke. Na waje babu, na ciki bai farka ba. Da kun ƙara yini guda kuna turare, da yanzu wata maganar ake."

Kimba ya rufe fuska da hularsa. Dommo ta dube shi, karo na farko ta ga ashe yaro ne ƙarami, kuma ta ji tausayinsa ya kama ta fiye da nata.

"Yanzu dole ta koma sha," in ji Majo.

"Ta koma me?" Dommo ta miƙe tsaye. "Sumana, ashe haukan gidanku bai bar ka ba?"

"Zauna. Wata ƙwayar zan ba ta, mai sauƙi, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan har murhun ya kama da kansa. Zai ɗauki watanni. Ba a tsallake rana, ba a ƙara, in ta yi zazzaɓi a kawo ta ko ana ruwan ƙanƙara. Kuma ke za ki riƙa ba ta. Duk garin nan babu wadda ta kai ki naci a kan bakin mai jego."

Haka aka yi. Mintu ta kwana huɗu a asibiti ta dawo gidan uwarta. Kowace safiya Dommo takan wanke hannu, ta ɗora ƙwayar a tafinta a fili, ta miƙa. Duk mako biyu su je wajen Majo, ya auna, ya zagi Dommo, ya nuna mata inda za ta sa reza ta raba ƙwayar. Bikin hangandi ya zo ya wuce, suna jin kiɗan daga tsakar gida, Dommo tana tsince shinkafa. Buli ta zo dubiya da zabi biyu, ta zauna ta yi ta santin jikanta, maganar ƙofa ba ta fito daga bakinta ba.

Ran da aka koma rabin ƙwaya, Mintu ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta ce, "Inna, da ma tun farko a hannu kika riƙa ba ni, da ba a yi ta ɓata fura ba. Ɗacin waccan ko buhun sukari ba ya rufe shi."

Dommo ta tsaya da moɗa a hannu. "Kin sani?"

"Tun rana ta biyu."

"Kika sha? Don ubanki, kika sani kika sha?"

"Ina ganin yadda kike kallon hannuna kowace safiya, Inna. Na ce in wannan zai sa ki daina, ba komai."

Dommo ta ajiye moɗar, ta kama kan 'yarta ta ce kitson nan ya tsufa, ta zauna tsefe shi, ko da yake shekaranjiya aka yi shi. Hawaye na ɗiga a gashin, Mintu ta yi kamar ba ta ji ba.

Kumatu suka sauka, tozo ya baje, ƙurji ya bushe. Daga rabi aka koma kwata, daga kwata aka koma rana bi rana. Shuka ta yi, gero ya fitar da kai. Ran nan Majo ya auna, ya daɗe yana kallon abin awonsa, ya ce, "Daga gobe babu. Amma ku sa ido. Ni dai ba na gani cikin ƙoda, jikinta ne zai gaya mana ko sun farka."

Rana ta farko Dommo ta ƙirga duk lomar da Mintu ta kai baki. Ta biyu Mintu ta yi hamma sau ɗaya, Dommo ta aika a tambayo ko jakin amalanke yana gida. Rana ta uku, wadda a kanta aka faɗi wancan karon, Dommo ta zauna tun sassafe da faifai a ƙofar ɗaki, tana sheƙar geron da ta riga ta sheƙe jiya.

Mintu ta fito, ta gaishe ta, ta goya Nyandu, ta ɗauki babban bokiti.

"Ina za ki?"

"Kogi. Randa ba ruwa."

"Bari in aika..."

"Inna, wata nawa ina zaune kamar kayan gado? Ki bar ni."

Ta fita. Dommo ta ba ta tazara, sannan ta bi ta, tana raɓewa jikin dangogi, tana karanta duk abin da ta iya. Hanyar kogi gangara ce mai yashi, dawowa da kaya ko mai lafiya sai ya yi haki. Ta laɓe bayan wata giginya. Daga nan ta hango wani kwalekwale a cikin ciyawa, inda babu fasinja babu kifi, da mutum a ciki, 'yar rediyo rataye a wuya, ya dage yana gyaran igiyar da ba ta tsinke ba.

Mintu ta shiga ruwa zuwa ƙwauri, ta cika bokiti fal. Ta sunkuya, ta ɗaga shi zuwa gwiwa, ta tsaya. Mintu ta cira shi sama, ta ɗora a ka, ta gyara goyo da gwiwar hannu, ta juyo ta fara hawa gangaren, ruwa na fantsala a kafaɗarta. Ba ta tsaya hutawa ba sai daidai giginyar.

"Ke da wancan na cikin ciyawa," ta ce, "duk ba ku da aikin yi ne?"

Dommo ta buɗe baki za ta ce ganyen miya ta zo nema. Sai gwiwoyinta suka ƙi ta, ta zame ta zauna daɓas a kan yashi, tana dariya tana kuka a haɗe. Ita da ta biyo don ta tari mai faɗuwa, ita ce a ƙasa.

"Tashi, Inna, mutane na kallo."

"Ba zan iya ba, 'yar nan. Ƙafafun sun tafi."

Mintu ta riƙe bokiti da hannu ɗaya, ta miƙo ɗayan. Siriri ne, duk ƙashin wuyan hannun a waje. Dommo ta kama, da ja ɗaya ya miƙar da ita tsaye.